Yadda Kamuwa Da Cuta Ke Ƙara Wa Magani Illar Kurumtarwa

Tun shekarun 1940, da aka fara yi wa masu tarin fuka allurar streptomycin, likitoci suka lura wasu na warkewa amma jinsu ya ragu. Haka abin yake da danginsa, wato gentamicin da kanamycin da amikacin. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin halitta masu gashi da ke can cikin kunne, a sashen nan mai siffar katantanwa, kuma wadda ta mutu a ɗan'adam ba ta sake tsirowa. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, shi ya sa mutum kan daɗe bai ankara ba.

An daɗe ana gwada wannan illa a kan dabbobi masu lafiya, alhali ana yin allurar ne ga wanda cuta ta riga ta kama. A 2015, tawagar Peter Steyger a jihar Oregon ta Amurka ta sa wa ɓeraye gubar da ke jikin ɓawon bakteriya, sannan ta ba su irin wannan magani. Sai maganin da ya kutsa kunnuwansu ya ƙaru, kurumcinsu kuma ya fi na ɓerayen da aka bai wa maganin kawai.

Dalilin yana ga garkuwar jiki. Akwai shinge tsakanin jini da ruwan cikin kunne wanda ke tace abin da zai wuce. Idan wani furotin mai suna TLR4 ya gane gubar bakteriya, jiki kan saki sinadaran kumburi, jijiyoyin jinin wurin su buɗe, maganin ya samu hanya. Ɓerayen da TLR4 ɗinsu ba ya aiki sosai ba su nuna wannan ƙarin shigar magani ba. Ke nan yunƙurin jiki na kare kansa ne ke jefa kunne cikin haɗari.

Wannan ya shafe mu kai-tsaye, domin gentamicin na cikin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a bai wa jariran da cuta ta shiga jininsu, kuma yana da araha a asibitocinmu. Barinsa ba mafita ba ne, tunda yana ceton rai. Abin da ya kamata shi ne likita ya auna adadinsa, ya taƙaita kwanakinsa, ya duba lafiyar ƙoda, a kuma gwada jin jaririn bayan an sallame shi. Iyaye kuma su daina karɓar wannan allura a kemis ba da umarnin likita ba.