Ungozoma, matar da ake kira bayan an haihu

Kalmar ungozoma tana nufin mata biyu a bakin Bahaushen yau. Akwai tsohuwar unguwa wadda ake aika yaro ya kira ta da tsakar dare, ta zo da mayafinta da 'yar rezarta. Akwai kuma ma'aikaciyar asibiti wadda ta yi shekaru tana karatu, ta ci jarrabawa, hukuma ta ba ta lasisin karɓar haihuwa. Da yake sunan ɗaya ne, mutane da yawa, har da masu tsara manufofin lafiya, sun ɗauka aikin ma ɗaya ne, ilmi kawai ya raba su. Tarihin haihuwa a ƙasar Hausa bai nuna haka ba, kuma wannan rashin fahimta ya ci kuɗi da shekaru, ya ci rayukan mata.

A al'adar da muka gada, mace ba ta jiran kowa ya karɓi haihuwarta. Idan cikin fari ne, akan mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki tun watannin ƙarshe. Idan naƙuda ta zo, abin yabo shi ne ta ɓoye, ta ci gaba da harkarta iya ƙarfinta, sannan ta shige ɗaki ta durƙusa. Shi ya sa har yau ake cewa wance tana kan gwiwa. Ihu abin gori ne da zai bi ta har tsufa, kuma kunyar ɗan fari ta ƙara ɗaure mata baki. Uwa ko goggo ko kishiya na iya kasancewa a kusa, amma sau da yawa sai an ji kukan jariri ake ɗaga labule. A lokacin ne ake cewa a kira ungozoma.

Aikinta daga nan yake farawa, kuma ba ƙarami ba ne. Ita ke yanke cibiya, ta jira fitowar mabiyiya, ta wanke ta, ta binne a inda al'ada ta tanada. Ita ke yi wa jariri wankan farko, ta riƙa dawowa safe da yamma tana gasa masa cibiya har ta faɗi. Ita ke tsaya wa mai jego a wankan ruwan zafi da ganyen runhu ko darbejiya, ta lura da kunun kanwa da naman ƙauri. Ranar suna tana da kasonta na nama da hatsi da 'yan kuɗi. Galibi mace ce da ta daina haihuwa, ta koyi aikin a gindin uwarta ko kakarta. Wanda ya karanta tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, zai ga yadda jego da wanka da suna suka cika rayuwar matan wancan zamani, kowace da matsayinta.

Aikin ma a rabe yake. Cire beli da zanen suna na wanzami ne. Rubutun sha don sauƙin naƙuda na malam ne. Jiƙo da saiwoyi na masu magani ne. Idan haihuwa ta zo da gardama, wato kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko ɗa ya kwanta a gicciye, babu ɗaya daga cikinsu da ke da abin yi face addu'a da jira, wani lokaci kuma yankan gishiri, wanda kan ƙara wa mace rauni a kan rauni. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Ba a taɓa ɗora wa ungozoma alhakin tsayar da shi ba, ita ma ba ta taɓa cewa za ta iya ba.

Kada a ɗauka labarin zamanin kaka da kakanni ne kawai. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2008 ya nuna cewa kusan haihuwa ɗaya cikin biyar a ƙasar an yi ta ne babu kowa tare da mai naƙuda, kuma mafi rinjayen irin waɗannan a Arewa suke. Na 2018 ya nuna kashi 59 cikin ɗari na haihuwa a gida ake yi, a Arewa maso Yamma kuwa waɗanda ake yi a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Ungozomar asibiti ta iso mana a makare. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar rajistar masu karɓar haihuwa a 1930, amma makarantar koyon aikin tana buƙatar 'yan mata masu ilmin boko, su kuwa a Arewa 'yan ƙalilan ne. 'Yan mishan, waɗanda suka buɗe ɗakunan haihuwa da yawa a Kudu, an daɗe ana taƙaita shigarsu masarautun Musulmi. Ga kulle, ga ƙyamar namiji ya ga tsiraicin matar wani. Sai asibiti ya zama wurin da ake kai mace bayan ta kwana biyu ko uku a kan gwiwa, an gwada komai ya ƙi. Da yawa sukan mutu a can, labari ya koma ƙauye cewa asibiti ne ya kashe ta, ta gaba kuma a ƙara jinkirta kai ta.

A Zariya aka auna girman wannan masifa da lissafi. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Mata sama da 200 suka rasu. Mafi rinjayensu ba su taɓa zuwa awo ba, an kawo su ne a galabaice. Waɗanda suka yi awo suka zo da wuri kuwa, mutuwa a cikinsu kaɗan ce ƙwarai, alhali asibiti ɗaya ne, likitoci ɗaya. Yarinya mai ƙarancin shekaru, wadda ba ta yi makaranta ba, mai cikin fari, ita ce ta fi kowa shiga haɗari. Waɗanda suka tsira daga doguwar naƙuda da yawa sun fito da yoyon fitsari. Irinsu ne likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya tarar a Babbar Ruga ta Katsina, inda ya zo aikin kuturta a 1983, ya ƙare da shafe shekaru yana ɗinke mata.

Ko ɓangaren da ke hannun ungozoma bai tsira daga binciken likitocin Zariya ba. A 1978 Davidson da Parry sun ba da rahoton mata 224 da suka kamu da ciwon zuciya a lokacin jego, suka danganta shi da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da yawan shan kanwa. Shekaru da dama bayan haka Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya nuna cewa akwai hannun talauci da ƙarancin sinadarin seleniyom a jikin matan. Maganar ba ta ƙare ba tukuna, amma duk likitan zuciya zai ce kanwa mai yawa ba ta dace da mai hawan jini ba.

Daga shekarun 1970, musamman bayan taron Alma-Ata na 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka rungumi wata dabara mai kama da hankali. Tunda a gida ake haihuwa, kuma kowane ƙauye yana da ungozomarsa, a tara su a horar da su. An yi haka a Afirka da Asiya, an yi a Nijeriya da Nijar. Akan ba su horo na 'yan kwanaki ko makonni, a sallame su da akwati mai sabulu da sabuwar reza da zare da auduga. An samu amfani: wanke hannu da tsabtace cibiya sun rage wa jarirai cutar sarƙewar haƙora. Amma mutuwar iyaye mata ba ta sauka yadda aka yi fata ba. A 1987 aka yi babban taro a Nairobi kan ceton masu haihuwa. Shekara goma bayan nan, a taron Kolombo na 1997, ra'ayi ya juya: abin da ake buƙata shi ne ƙwararriyar ma'aikaciya a kowace haihuwa, da asibitin da zai iya tiyata da ƙarin jini.

Dalilin gazawar a fili yake, domin sabulu ba ya tsayar da jini, reza ba ta fito da ɗan da ya maƙale, jijjiga kuma allura take so. A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalili da ba a cika faɗa ba. An koya wa tsohuwa alamomin naƙuda mai haɗari, alhali ita ba a kiranta sai naƙuda ta ƙare. Ko da ta gane haɗarin, ba ita ke da ikon cewa a tafi asibiti ba. Wannan na maigida ne, shi kuma yana gona ko kasuwa ko ci-rani, kuɗin mota ma sai an nemo. Da shirin ya gaza, sai laifi ya koma kanta, aka riƙa kiranta jahila mai hana mata zuwa asibiti. A ganina wannan rashin adalci ne, an ba ta jarrabawa a kan darasin da ba nata ba.

Ƙasar Suwidin ta nuna cewa ɗakin gida ba shi ne matsalar ba. A tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da ta fara ƙidayar mace-mace a 1749, mata kusan 900 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000, adadin da bai yi nisa da na wasu jihohinmu ba. Ƙasa ce matalauciya a lokacin, mai ƙauyuka a warwatse da ƙarancin likitoci. Sai hukuma ta riƙa ɗauko 'yan mata daga karkara tana ba su horo mai zurfi, tana mayar da su garuruwansu da albashi, kowace tana kai rahoton aikinta ga likitan gunduma. A 1829 aka ba waɗanda suka ƙara karatu izinin amfani da ƙarfen jawo jariri idan babu likita a kusa. A 1881 aka wajabta musu tsabtace hannu da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Zuwa 1900 adadin ya sauko kusan 230, ƙasa da na Ingila da Amurka nesa ba kusa ba, kuma har lokacin yawancin matan Suwidin a gida suke haihuwa. Ba tsofaffin masu yankan cibiya aka yi wa kwaskwarima ba, sabuwar sana'a aka gina, aka kai ta har bakin gadon mai naƙuda.

Nijeriya ta gwada wani abu mai kama da haka a ƙarshen 2009, da shirin tura ungozomomin asibiti karkara. An ɗauki sama da 2,000, sabbin kammala karatu da marasa aiki da masu ritaya, aka raba su huɗu-huɗu a ƙananan asibitoci. Gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ne za su haɗa musu alawus da wurin kwana. Da yawa daga jihohi da ƙananan hukumomi ba su cika nasu alkawarin ba, ma'aikatan da aka kai ƙauyen da ba su jin harshensa kuma suka riƙa sulalewa. A asibiti kuma aka ajiye su, alhali al'ada ta ce mace ta yi shiru a ɗakinta.

Abubuwan da suka fi kama ƙasa su ne waɗanda suka karɓi gida a yadda yake. A 2013 jihar Sakkwato ta fara raba wa masu ciki ƙwayar misoprostol, wadda ake sha da zarar an haihu don rage zubar jini, tare da man chlorhexidine na shafa wa cibiya. Ƙwayar ba ta buƙatar allura ko firij, ko mace ita kaɗai a ɗaki za ta iya haɗiye ta. A Jigawa da wasu jihohin Arewa an yi yarjejeniya da direbobin ƙungiyar sufuri su ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti ko da tsakar dare. A wurare da dama kuma an sauya wa ungozomar gargajiya aiki: ta san kowace mai ciki a unguwa, tana shiga gidan da baƙo ba ya shiga, surukai na jin maganarta. Ita ke tunatar da awo, ita ke rako mace asibiti, a ba ta ɗan hasafi a kan kowace da ta kawo. Idan an sallamo mai jego, ita ce dai ke dawowa da safe ta ɗora tukunyar wanka ta duba cibiyar jariri.