Akwatin da ke kunna inji daga nesa: ɗan tarihi kafin ka saya

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Satin da ya wuce matasan garinmu Dudunni suka ce in zaɓo musu rauta da za a sa wa famfon sola na rijiyar burtsatse, don a riƙa dubawa daga waya. Na ce su bari in ba su tarihi tukuna, don ni abin ya taɓa ƙona ni.

2/ Rauta ɗin da nake nufi ɗan akwati ne da ake sa wa sim, a jona shi da inji. Kana zaune a Kano sai ka ga ko tanki ya cika, ka kunna famfo ko ka kashe. Irinsa ake sa wa janareta, da injinan masana'anta, da tashoshin ruwa.

3/ Kafin 2001 wannan zance mafarki ne. Layukan NITEL a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki, sim ɗaya ya kai ₦20,000. Glo ta shigo 2003, farashi ya fara sauka. Da sim ya yi arha, sai aka fara sa wa injina ma.

4/ To, matsalar ita ce ƙofar da ta buɗe maka daga nesa, ɓarawo ma yana iya bi ta nan. Ran 23 ga Disamba 2015 masu kutse suka shiga kamfanonin rarraba wuta a Yukren, suka kashe wa kwastoma wajen 225,000 lantarki ana tsakiyar hunturu.

5/ Ta ina suka bi? Ta hanyar da ma'aikata ke shiga daga nesa, da kalmar sirrin da suka sata. Abin da ya ceci mutane shi ne injiniyoyi sun je tashoshin da ƙafarsu sun mayar da wuta da hannu.

6/ A Nuwamban 2023 kuma aka kutsa na'urar wata tashar ruwa a Aliquippa, jihar Pennsylvania ta Amurka. A lokacin, irin na'urar tana zuwa daga kamfani da lambar sirri 1111, mutane da yawa ba sa canzawa. Su ma da hannu suka ci gaba da aiki. Amurka fa kenan.

7/ Namu darasin ya zo ta wata fuska daban. A Satumban 2021 aka katse sabis a Zamfara saboda 'yan bindiga. Cikin watan gwamnatin Masari ta bi sahu a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Dutsin-Ma da ke maƙwabtaka da Kankiya. Sai a Disamba aka fara dawo da shi.

8/ A lokacin na haɗa wa wani dattijo famfo a gonarsa ta wajen Dutsin-Ma. Komai ta waya, ina ta alfahari. Sabis na ɗaukewa, famfo ya tsaya cik, don ban sa makunnin hannu ba. Kwana biyu shanunsa ba ruwa kafin in isa. Bai zage ni ba, kallona kawai ya yi. Wallahi da zagin ya fi min sauƙi.

9/ Shi ya sa yanzu abin da nake fara tambaya: in sabis ya ɗauke, injin zai ci gaba da aiki? Yaron da ke gadin wurin zai iya kunnawa da hannu? In amsar a'a ce, ba na ma duba farashi.

10/ Na biyu, sim biyu na kamfanoni daban, in ɗaya ya yi sanyi ɗayan ya karɓa. Amma ku sani, in hukuma ta rufe sabis, dukkansu suke tafiya tare.

11/ Na uku, VPN. Kun san shi tun lokacin da aka rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A nan aikinsa ya ɓoye injin daga idon kowa a intanet, sai mai izini. Yukren ta nuna kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba, a ƙara da lambar tabbatarwa da ke zuwa a waya.

12/ Na huɗu, canza kalmar sirrin kamfani ranar da ka buɗe kwali, kuma ka sayi wanda masu ƙera shi ke aiko da gyaran manhaja. Na biyar, jikin ƙarfe mai jure zafin bazara da ƙurar hunturu, wanda batirin sola zai iya riƙewa. Na ɗaki mai jikin roba ba zai jima a rana ba.

13/ Matasanmu sun ce kuɗin da suka tara ba zai kai mai sim biyu ba. Na ce ba komai, a fara da makunnin hannu da kwado mai kyau, rauta ta jira bayan kaka. Wanda ya taɓa haɗa irin wannan a Kankiya ko Kusada, dan Allah ya faɗa mana wane layi ya fi riƙe sabis a wajensa.