Sawun cuta a jikin ƙashi: tarihin hoton wuyan hannu

A ranar 22 ga Disamba, 1895, masanin kimiyya Wilhelm Röntgen ya ɗauki hoton hannun matarsa Anna Bertha a birnin Würzburg na ƙasar Jamus, makonni shida bayan ya gano wani haske mai ratsa tsoka. Ƙasusuwan yatsunta da zobenta suka fito ɓaro-ɓaro. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin fiziya a 1901. Da hannu aka fara hoton ƙashi, kuma har yau hannu na daga cikin wuraren da likitan amosanin gaɓɓai yake fara dubawa.

Dalilin yana cikin halittar wuyan hannu. Ƙananan ƙasusuwa takwas ne a jere sahu biyu, kowace mahaɗa an shafe ta da guringuntsi. Nau'in amosanin da likitoci ke kira rumatoyid, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi tantanin gaɓa, yakan soma ɓarna a nan da kuma gaɓoɓin yatsu. Sai dai guringuntsi ba ya fitowa a hoton. Abin da likita ke gani shi ne ratar da ke tsakanin ƙashi da ƙashi. Idan ta tsuke, ya san guringuntsi ya cinye. Idan gefen ƙashi ya zaizaye, ya san cutar ta yi nisa.

An daɗe kafin a mai da wannan kallo ya zama awo. A 1949 Otto Steinbrocker da abokan aikinsa a Amurka suka kasa cutar mataki huɗu. A 1971 John Sharp ya fito da tsarin ba kowace gaɓa ta hannu da wuyan hannu maki, gwargwadon zaizaya da tsukewar rata. A 1989 Désirée van der Heijde ta ƙasar Holan ta gyara tsarin, ta shigar da gaɓoɓin ƙafa. Da wannan ma'auni aka samu damar kwatanta hoton bana da na bara, a tabbatar ko magani yana tsayar da ɓarnar ko kuwa raɗaɗi kawai yake ragewa.

Ma'aunin nan kuma shi ya tona iyakar hoton. Da aka riƙa bin marasa lafiya shekara da shekaru, sai aka ga cewa mutane da yawa hotonsu yana fitowa lafiya lau a watannin farko, alhali kumburi yana ci a ciki, kuma ƙashin da ya riga ya zaizaye da wuya ya koma yadda yake. A 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da methotrexate don wannan cuta, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa fara magani da wuri yana rage naƙasa. Jiran hoto ya nuna alama ya zama asarar lokaci mai tsada.

Ƙa'idojin rarrabe cutar suka bi sahu. Na 1987 sun lissafa canjin da ake gani a hoton hannu da wuyan hannu cikin alamomi bakwai. Na 2010, waɗanda ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai suka haɗu suka fitar, sun cire shi daga lissafin maki, suka dogara ga yawan gaɓoɓin da suka kamu, gwajin jini, da tsawon lokacin ciwo. Na'urar sikanin da hoton MRI kuwa suna iya nuna kumburin tantani tun ƙashi bai taɓu ba.

Hoton ƙashi bai rasa muhimmanci ba. Yana da araha, ana samunsa a asibitoci da yawa, kuma hoton farko shi ne mizanin da za a auna na gaba da shi. Amma wanda wuyan hannunsa ya kumbura, yana sandarewa da safe har tsawon sa'a guda, aka shafe makonni shida a haka, kada ya koma gida da kwanciyar hankali don an ce hotonsa bai nuna komai ba. Ya nemi gwajin jini da ganin likitan gaɓɓai, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.