Land Cruiser da Prado: lita nawa suke sha a hanyoyin Tasawa da Mayahi?

Duk lokacin da salla ta matso, ko aka sa ranar biki, manyan motoci sukan cika ƙofar gidaje a Tasawa da Mayahi: V8, Prado, wani lokaci Lexus. Wasu ƴan uwanmu ne na Yamai suka zo gaida iyaye, wasu kuwa daga waje aka aiko su don hidimar gida. Tambayar da masu saurare suka fi yi a kan waɗannan kat-kat ɗin guda ce: nawa suke sha? Ga bayanin, don mai mota, da direba, da ɗan uwan da ke Turai ko Amurka yana shirin aiko da ita.

A Nijar lissafin shan mai ana yin shi da lita a kilomita 100. In lambar ta yi ƙasa, motar ba ta da ci. Ƙaramar mota irin Corolla takan tsaya wajen lita 7 ko 8. Ita kuwa Land Cruiser 200, wadda kowa ke kira V8, wadda Toyota ta ƙera daga 2007 zuwa 2021, nauyinta ya wuce tan biyu da rabi tun ba a sa mata ko buhu guda ba. Mai shan esansi takan ci lita 14 zuwa 16 a kan kwalta, mai gazuwal kuma 10 zuwa 12. Prado ta fi ta sauƙi kaɗan, musamman mai gazuwal, wadda takan yi wajen lita 9 zuwa 11. Sabuwar Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 injinta V6 ne, amma har yanzu mutane V8 suke ce mata.

To, mu mai da shi kuɗi. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin mai: litar esansi ta sauko daga sefa 540 zuwa 499, wato kusan dala ɗari, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Da wannan farashin, V8 mai esansi da ke shan lita 15 tana cin kusan jika 7 da rabi a kowace kilomita 100. Mai gazuwal da ke shan lita 11 tana cin kusan jika 7 ba kaɗan. Kun ga ke nan tazarar ba ta kai yadda ake faɗi a majalisa ba, domin abin da gazuwal ya rage a lita, ya maido fiye da rabinsa a farashi. Daga Tasawa zuwa Maraɗi, ta Gazawa da Agiye, a je a dawo kusan kilomita 250 ne, wato jika 18 zuwa 19 ga mai esansi. Daga Yamai zuwa Tasawa kuwa, kusan kilomita 780, tafiya ɗaya tak sai ta lashe sama da jika 55. Yawancin V8 da ke zuwa ƙasashenmu tanki biyu gare su, lita 138 gaba ɗaya, kuma cika su da esansi ya kusa jika 69.

Wannan duk lissafin kwalta ne, kuma nan ne ake yawan yin kuskure. Lambar da kamfani ke rubutawa a takarda an auna ta ne a ɗakin gwaji, ba kaya, ba rairayi. Mu kuwa da an bar babbar hanya an nufi Urafan, ko ƙauyukan arewacin Mayahi, ko an shiga gulbin Kaba, magana ta sake. A cikin rairayi mai laushi taya nutsewa take, injin yana ta kuka a ƙaramin giya, ƙafafu huɗu duk suna ja, motar kuma ba ta yin gaba sosai. Nan shan mai yakan ƙaru da rabi, wani lokaci ma ya ninka. In ta kafe ana ta ba ta wuta, wannan kuma ba a ma lissafa shi. Tsofaffin direbobi sun san dabara: a rage iskar taya kafin a shiga rairayi don ta shimfiɗu, ta bi ta sama. Amma da an hau kwalta a maida iskar, domin taya mai laushi a kan kwalta tana ƙara sha, tana zafi, tana iya fashewa. Da yawa sukan rage su manta.

Gudu ma yana da nasa rabo. Motar nan doguwa ce mai faɗin goshi, iska take turawa kamar bango. Wanda ke tafiya 90 zuwa 100 da wanda ke taka 130 a hanyar Damagaram, bambancin isowarsu mintoci ne, amma na biyun ya ƙone lita da yawa a banza, ga dabbobi da amalanke da ke ratsa hanya. Kayan da ake ɗaurawa a sama, katifu da buhunan hatsi, su ma suna tare iska. Sai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare: alhaji ya shiga gaisuwa, direba ya bar injin yana aiki da kilim a kunne. Babban inji a tsaye yakan sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a awa guda, ba tare da an motsa ko taku ɗaya ba. Lokacin hunturu kuma a riƙa duba filtar iska, don ƙurar nan tana toshe ta da wuri.

Game da man kansa, matatar SORAZ da ke arewacin Damagaram ta fara aiki a 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, SONIDEP kuma ke rarrabawa. Shekaru da yawa mutanen yankinmu sun dogara da man ƴan ruwa-ruwa mai shigowa daga Nijeriya saboda araha. Tun da aka cire tallafin mai can a watan Mayun 2023, wannan arahar ta tafi, kuma a Maris na 2025 kowa ya ga layin motoci a gidajen mai. Mai babbar mota ya fi kowa jin irin wannan a jikinsa. Man kwalba kuma, in ya kwana cikin jarka mai datti ko ya haɗu da ruwa, injin gazuwal na zamani ba ya yafewa, gyaransa kuma sai an kai Maraɗi ko Kano.

Ƴan uwa da ke Amurka, lissafinku juyayye ne: can ana ƙirga mil nawa galan guda ke kaiwa, don haka babbar lamba ita ce mai kyau. A raba 235 da waccan lambar, sai a samu lita a kilomita 100. Land Cruiser mai injin 5.7 da aka sayar can an rubuta mata mil 13 cikin gari, wato lita 18 ke nan a namu lissafin. Kafin a sa ta a jirgin ruwa, yana da kyau a tambayi gida wa zai riƙa zuba mata mai duk wata. In aikin bai wuce kai mara lafiya asibitin Mayahi da zuwa kasuwar Tasawa ba, Hilux ko Prado mai gazuwal sun isa.

Wanda ke son sanin gaskiyar tasa motar, kada ya tsaya ga allurar tanki ko ga bakin direba. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, in tanki biyu ne a cika duka, a rubuta lambar kilomita. A yi tafiya, a dawo a sake cikawa a famfo ɗaya. Litar da ta shiga a raba ta da kilomitar da aka yi, a ninka sau 100. Misali, lita 42 a kilomita 300 ya zama lita 14. A auna sau ɗaya a kwalta, sau ɗaya a hanyar ƙauye, a ajiye lambobin biyu a cikin takardun mota.