Kazar Hausa Ba Malalaciya Ba Ce: Tarihin Ƙarancin Ƙwai A Gidajenmu

 Yau maganar kaji za mu yi. Na san wani zai ce duk matsalolin da ke damun ƙasar nan a rasa abin tattaunawa sai kaza? To ka ɗan yi haƙuri ka saurara, ko ka karanta in rubutun ne ya iso gare ka.

Ka shiga gidaje goma a Rido ko Mararaban Rido, da wuya ka rasa kaji a guda bakwai. Amma ka tambayi matar gida yaushe rabon da yaranta su ci ƙwai daga akurkinta, sai ta yi dariya. Ƙorafin ɗaya ne ko'ina: kaji sun ƙi yin ƙwai, sai ci da tone-tone. Ƙwan da ake soyawa a gidan kuwa daga shago yake zuwa, na gidan gona, wanda kiret ɗinsa ya haura naira dubu 5 a 2024. Abin da nake son mu bi sawunsa shi ne yadda aka yi muka zama masu kaji amma masu sayen ƙwai.

Kaza dai baƙuwa ce a Afirka. Asalinta wata tsuntsuwar daji ce mai jan gashi da ke kudu maso gabashin Asiya, wajajen Tailan da Bama, kuma har yau tana nan a dazukan can. Wannan kakar tasu ba ta wuce ƙwai 10 zuwa 15 a shekara, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe, shi ke nan. Daga baya kaza ta biyo 'yan kasuwa da matafiya har ta iso yankinmu. Masu tonon kayan tarihi sun sami ƙasusuwanta a tsohon birnin Jenne da ke Mali, da kuma Daima a ƙasar Borno, alamar ta haura shekara dubu tana tare da mu. Zabo kuwa ɗan gida ne, nan Afirka ta Yamma aka fara kiwonsa.

Wannan bambanci yana da muhimmanci, don kakanninmu sun raba wa tsuntsayen biyu aiki. Ƙwan ci na zabi ne. Da damina ta sauka zabi su fara zuba, ka ga 'yan talla da dafaffen ƙwan zabi da ɗan yaji a tasha da bakin hanya. Ƙwan kaza kuma iri ne, ba a cika taɓa shi ba. Har ƙwan zabin ma kaza ake sa wa ta kwanta a kai, saboda ta fi zabuwa iya reno. Camfin nan da ake yi wa yara, wai wanda ya saba cin ƙwai zai zama ɓarawo, ni a ganina dabara ce ta tsare jari. Kaza asusun mace ce. Baƙo ya zo a yanka, yaro ya kwanta ciwo a kai kasuwa, Sallah ta zo a yi miya. Ana cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma a aikace iyayenmu mata akasin haka suka zaɓa, kuma da hujjarsu.

To ka ga shekaru aru-aru wace kaza ce ke tsira ta bar zuri'a? Wadda ta iya kwanci, ta iya faɗa da shirwa, ta iya neman abincinta a juji. Wadda ke zuba ƙwai ba ta kwanciya a kai, tukunya ce makomarta. Mu da kanmu muka tace ta ta zama uwa.

Bari mu yi lissafi, don a nan gaskiyar take. Kazar Hausa takan ɗauki mako biyu zuwa uku tana saka ƙwai 10 zuwa 15. Sai ta yi kwanci kwana 21. Sai ta ja 'yan tsakinta kusan wata biyu, kuma duk tsawon lokacin nan ba ta saka ko ɗaya. Sai ta ɗan murmure kafin ta sake farawa. Zagaye ɗaya ya cinye wata huɗu ke nan, sau uku a shekara, ƙwai 30 zuwa 45. Kazar gidan gona kuwa tana kaiwa wajen 300, saboda an cire mata ɗabi'ar kwanci ta hanyar zaɓen iri, inji ne ke ƙyanƙyasa a madadinta. Wato ita tamu ma'aikaciya ce mai aiki uku, waccan kuma aiki ɗaya aka ba ta, aka kuma ajiye mata abinci a gaba.

Turawan mulkin mallaka da suka zo sun ga wannan tazara, sai suka yanke hukuncin cewa irin ne ba shi da kyau. Daga nan aka fito da tsarin musayar zakaru: ka kawo zakaranka na gida, a ba ka na Turai, galibi jan nan da ake kira Rhode Island Red, don ya haɗu da kajinka a sami 'ya'ya masu ƙwai. Gwamnatocin bayan 'yancin kai ma sun ci gaba da shi a wurare da dama. A takarda abin ya yi kyau. A tsakar gida kuwa baƙon zakara bai san juji ba, bai san shaho ba, bai jure cuta ba, ga zakarun maƙwabta suna nan ba wanda ya yanka nasa. Inda aka dace aka sami ruwa-biyu, sai 'ya'yan suka rage kwanci, mai kaji ta rasa mai ƙyanƙyasa mata.

Ana cikin haka babbar annoba ta shigo. Cutar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle an fara gane ta ne a 1926, a tsibirin Jaba na Indunusiya da kuma garin Newcastle a Ingila, inda ta samo suna. A Najeriya an fara tabbatar da ita a Ibadan a farkon shekarun 1950. Kowa a nan ya san ta ko bai san sunanta ba: hunturu ya shigo, kaza ta takure, ta saki fukafukai, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe, cikin mako ɗaya akurki ya zama kango. Wadda ta tsira ma ƙwanta yakan ragu ko ya riƙa fitowa da laushin ɓawo. Kuma ka lura da abin da wannan ke haifarwa. Matar da ta san duk shekara za ta iya rasa rabin kajinta ba za ta ci ƙwai ba, dole ta bar kowanne a ƙyanƙyashe don cike gurbi. Ƙarancin ƙwai a kwanon yaro, rabinsa mutuwar kaji ce.

Abin haushin shi ne maganin na nan kusa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana wurin tun 1924, kuma tana yin rigakafin wannan cuta, har da samfurin I-2 wanda masana a Ostireliya suka samar musamman don kajin ƙauye. Yana jure zafi fiye da sauran, ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, mai kaji takwas ba za ta saya ita kaɗai ba, kuma ba wanda ya ɗauki nauyin bi gida-gida.

Lokacin da kuɗin fetur suka shigo, hankalin gwamnati ya koma kan manyan gonaki. Shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da na Shagari a 1980 sun ƙarfafa kiwon kajin Turawa, da 'yan tsaki da masara da magunguna da yawansu daga waje ake kawowa. A 1980 ɗin nan ne aka buɗe matatar mai ta Kaduna a maƙwabtan Rido, garin ya fara sauya kama. Da tattalin arziki ya karye aka shiga tsarin SAP a 1986, naira ta faɗi, abincin kaji ya yi tsada, gonaki da yawa suka rufe. Wa ya rage? Kazar tsakar gida, wadda ba a taɓa sa ta cikin kasafin kuɗi ba.

A nan zan yaba wa masananmu. A Shika kusa da Zariya, inda aka kafa gonar dabbobi tun 1928 wadda ta zama cibiyar NAPRI a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, an shafe shekaru ana tace wata kazar ƙwai da ta dace da zafinmu, aka fitar da ita da sunan ShikaBrown wajen shekarar 2000. Jami'ar aikin gona ta Abeokuta ta fitar da FUNAAB Alpha, wani kamfani a Jihar Oyo kuma ya kawo Noiler da yanzu ta cika gidaje. Duk sun fi kazar Hausa ƙwai. Amma duk suna son abinci, kuma ba a dogara da su wajen kwanci. Na ga mutane da yawa sun sayi Noiler sun sake ta a tsakar gida kamar ta Hausa, sannan suna mamakin ba ta yi abin da aka ce ba.

Sai Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye samfurin H5N1 a gonar Sambawa da ke Jaji, Ƙaramar Hukumar Igabi. Wannan ne karo na farko a duk nahiyar Afirka, kuma a jiharmu. An kashe kaji masu ɗimbin yawa, diyyar farko naira 250 ce kan kowace kaza, mutane suka ƙaurace wa ƙwai da nama na wani lokaci. Cutar ta sake dawowa a 2015. A 2017 kamfanin Olam ya buɗe katafariyar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a kan hanyar Abuja, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, wato ƙaramar hukumar da Rido take. Abinci da 'yan tsaki sun matso kusa, amma ga mai kuɗin buhu.

Yanzu mu dawo tsakar gida, don akwai wani sauyi da ba a rubuta shi a ko'ina ba. A da wannan yanki gonaki ne na Gbagyi da maƙwabtansu. Ana sussuka a gida, ana surfe, ana sheƙa, ana tankaɗe. Tsaba na zuba, dusa na taruwa, ga gara da fara da tsutsa a bayan gida, ga kashin shanu da ake tonawa. Kaza na samun rabonta ba tare da an auna mata ba. Da gari ya faɗaɗo kudancin kogi, musamman bayan rikicin 2000 da ya sa mutane da yawa suka sauya unguwa, gonaki suka zama filoti. Yau ana kai niƙa inji, dusar ma sayar da ita ake yi, tsakar gida an shafe da siminti, jujin kuma leda ce zalla. Kazar ba ta canza ba, abincinta ne ya ɓace.

Ƙwai kuwa ba daga iska yake fitowa ba. Jikin kaza na ɗaukar sama da awa 24 kafin ya haɗa guda ɗaya. Ɓawon kaɗai na cin kusan giram 2 na sinadarin kalsiyam, shi ya sa masu gona ke haɗa garin ƙashi ko dutsen farar ƙasa a abinci. Kazar gidan gona na cin giram 110 zuwa 120 kullum, mai ɗauke da sinadarin gina jiki kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari. Ɗan ƙanzo da ragowar tuwo ba za su ba da wannan ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne, amma sau nawa ka ga kasko da ruwa mai tsabta a gaban kaji a zafin Maris da Afrilu? Ga haske: mai saka ƙwai na son awa 14 zuwa 16, mu kuma ranarmu a Kaduna ba ta nisa da awa 12, shi ya sa gidajen gona ke kunna fitila. Sannan ƙuma da ƙwarƙwatar kaji a akurkin da ba a sharewa suna shan jininta da dare. Af, zakara kuma ba shi ne ke sa ƙwai ba. Kaza na sakawa ko babu shi, amfaninsa kawai ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Ni abin da nake ganin ya fi ƙarfin gardama shi ne, shekara ɗari ana ƙoƙarin canza kazar, ba a taɓa zama an gyara gidan da take ciki ba. Alhali lissafin da muka yi ɗazu ya nuna inda kwanakin ke tafiya. In aka raba uwa da 'yan tsaki bayan 'yan makonni aka rene su a kwando ko keji, tana komawa saka da wuri, shirwa ma ta rasa rabonta. In kaji biyar ne, biyu su yi kwanci, sauran a riƙa kwashe ƙwansu kullum. A daka ɓawon ƙwai da ƙashi a zuba musu, a haɗa dusa da ɗan ƙuli-ƙuli ko gasasshen waken suya.

Rigakafin kuma aikinmu ne, mu matasa. Unguwa ɗaya, gida ashirin, a haɗa kuɗin kwalba, a nemi jami'in lafiyar dabbobi ya nuna wa mutum biyu yadda ake ɗigawa, a zaga da sassafe kafin a saki kaji, don da zarar an haɗa maganin da ruwa ba ya daɗewa. A yi shi a watan Oktoba kafin iskar hunturu ta taso, a sake a Fabrairu, a sake a Yuni. Wanda unguwarsu ta taɓa gwada wannan, ko a Rido ko a wani wuri, ya rubuto mana yawan kajin da suka fara da su da yawan da suka ga ƙarshen hunturu.