Shekarar 1853 a Ƙasar Dendi

A 1853 ne Heinrich Barth, haifaffen birnin Hambug wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya ratsa kwarin Foga, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Wasu na saka tafiyar cikin tarihin Jamus, wasu cikin na Ingila. Kowa da gaskiyarsa: mutumin Bajamushe ne, amma gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, ita kuwa Jamus ba ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya ba sai 1871.

Ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a watan Afrilu, ya iso Gwandu a watan Mayu. Sarkin Gwandu Halilu bai yarda ya gan shi ba. A Gwandun ne aka ara masa littafin Tarihus Sudan, ya kwafi abin da ya samu dama, sai dai ya jingina shi ga Ahmad Baba. Kuskure ne, Abdurrahman Sa'adi ne mai littafin.

Watan Yuni shi ne namu, domin a cikinsa ne ya ratsa kwarin Foga. Ƙasa ba ta zaune lafiya, domin tun 1849 Yakubu Nabame ya ta da Kabawa a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dendawa suka bi sahunsa wajen ƙin mulkin Gwandu. Barth ya ambaci Yelu a matsayin cibiyar Dendawan da suka yi tawaye, bai kuwa shiga garin ba. Mai karatu ya lura, daga bakin mutanen Gwandu, masu masaukinsa, ya ji labarin, da ma'auninsu ya auna. Inda shaidarsa ta fi ƙarfi shi ne gishiri, don a nan ganau ne. Ya ga ana zuba ƙasa mai gishiri cikin mazurarai da aka saƙa da ciyawa, a kwarara ruwa ya tsiyaye, a dafa ruwan har ya ƙafe, a cura gishirin ƙananan dunƙule. Duk da yaƙin, ba a daina wannan sana'a a kwarin ba.

Ya isa bakin Kwara daura da Sayi ranar 20 ga Yuni, ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba. Littafinsa ya fito juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858.

Malaman Yelu da Gaya, ku rubuta abin da dattawa suka gada na wannan yaƙin, a ajiye shi kusa da na Abdulkarim.