Oliver Lowry: Masanin da aka fi ambaton maƙalarsa a tarihin kimiyya

Oliver Howe Lowry likita ne kuma masanin sinadaran jikin halittu ɗan ƙasar Amurka. An haife shi a birnin Chicago ranar 18 ga Yulin 1910, ya rasu ranar 29 ga Yunin 1996. Bai taɓa samun kyautar Nobel ba, kuma da wuya a ji sunansa a bakin wanda ba ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ba ne. Duk da haka, wata maƙala mai shafi 11 da ya wallafa a 1951 tare da abokan aikinsa uku ita ce wadda masu bincike suka fi ambata a cikin rubuce-rubucensu, bisa ƙididdigar rumbun Web of Science.

Ambato, a al'adar masana kimiyya, shi ne mai bincike ya kawo sunan wata maƙala a cikin tasa domin ya nuna inda ya samo hujja ko dabarar da ya yi aiki da ita. Ana ƙirga waɗannan ambato, kuma a yau adadinsu na daga cikin abubuwan da ake dubawa wajen ba malamin jami'a ƙarin girma, da ba shi kuɗin bincike, da jera jami'o'i bisa daraja. Shi ya sa tarihin maƙalar Lowry ya zama misalin da ake yawan komawa gare shi idan ana muhawara kan abin da waɗannan alƙaluma suke aunawa.

Karatu da aiki

Lowry ya yi digirinsa na farko a fannin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Northwestern a 1932, sannan ya kammala karatun likita da digirin digirgir a Jami'ar Chicago a 1937. Ya yi shekara biyar a Jami'ar Harvard a ƙarƙashin Farfesa Baird Hastings. A 1942 ya koma Cibiyar Binciken Lafiyar Jama'a ta birnin New York, inda ya yi aiki da Otto Bessey kan yadda za a gano ƙarancin sinadaran bitamin a jikin yara ta hanyar amfani da ɗan jinin da ake samu idan an huda yatsa. Wata maƙala da suka fitar a 1946 ta nuna yadda za a auna wani sinadarin jini da ruwan jinin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ɗigo guda ba. A 1947 aka naɗa shi shugaban sashen ilimin magunguna na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Jihar Missouri, muƙamin da ya riƙe shekara 29. Ya kuma shugabanci tsangayar koyon aikin likita ta jami'ar daga 1955 zuwa 1958.

Maƙalar 1951

Maƙalar ta fito ne a mujallar Journal of Biological Chemistry, kundi na 193, daga shafi na 265 zuwa na 275. Marubutanta su ne Lowry da Nira Rosebrough da Lewis Farr da Rose Randall. Abin da ta ƙunsa shi ne hanyar gano yawan furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, a cikin ruwan da ake gwadawa.

Bukatar wannan awo a fili take ga duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin gwaji. Idan mai bincike ya niƙa ɗan yankin hantar ɓera yana son ya san ƙarfin aikin wani sinadari a cikinta, dole ne ya fara sanin yawan furotin da ke cikin abin da ya niƙa, domin a kansa zai gina lissafinsa. Idan babu wannan, ba zai iya kwatanta sakamakon yau da na jiya ba, balle da na wani masani a wata ƙasa. Kamar ɗan kasuwar hatsi ne da mudunsa: kowane ciniki da shi yake farawa.

Hanyar tana da mataki biyu. Da farko ana haɗa samfurin da ruwan sinadari mai ɗauke da jan ƙarfe, a bar shi kamar minti goma. Daga nan a zuba masa ruwan Folin, wanda Otto Folin da Vintila Ciocalteu suka bayyana haɗinsa a 1927. Bayan kimanin rabin sa'a ruwan zai rikiɗe ya koma shuɗi, kuma gwargwadon yawan furotin gwargwadon duhun shuɗin. Sai a sa shi a na'urar auna haske, a kwatanta da ruwan da aka riga aka san adadin furotin da ke cikinsa. Tun a 1922 wani masani ɗan ƙasar Sin, Hsien Wu, ya yi amfani da ruwan Folin wajen auna furotin. Gudummawar Lowry da abokansa ita ce tace hanyar, da ƙara mata kaifin gano ɗan ƙaramin adadi, da kuma bin diddigin abubuwan da kan ɓata sakamakon.

Tun yana New York ya fara amfani da hanyar, kuma ya shafe shekaru bai wallafa ta ba, sai dai ya ba duk wanda ya nema. Daga cikin masu amfani da ita akwai Earl Sutherland, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 1971. Shi ne ya yi wa Lowry ƙorafin cewa ya gaji da jingina aikinsa ga hanyar da ba a wallafa ba. Da aka rubuta maƙalar aka aika, editocin mujallar sun mayar da ita suka ce sai an rage tsawonta sosai.

Abin da alƙaluma suka nuna

Ƙirga ambato ya samo asali ne daga Eugene Garfield, wanda ya gabatar da tunanin a mujallar Science a 1955, ya kuma fara fitar da kundin Science Citation Index a 1964. Wannan kundi ne ya rikiɗe ya zama Web of Science. A 2014, lokacin da kundin ya cika shekara 50, mujallar Nature ta nemi a fitar mata da maƙaloli 100 da aka fi ambata. Ta Lowry ta zo ta ɗaya da ambato 305,148. Ta biyu ita ce ta Ulrich Laemmli ta 1970, kan hanyar rarrabe nau'o'in furotin bisa nauyinsu, da ambato 213,005. Ta uku ta Marion Bradford ce ta 1976, da ambato 155,530, wadda ita ma hanyar auna furotin ce.

Domin a gane girman waɗannan lambobi, rumbun yana ɗauke da rubuce-rubuce kusan miliyan 58 a lokacin. Mujallar ta yi kwatancen cewa da za a buga shafin farko na kowannensu a tara su, tsibin zai kusa kai tsawon dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, alhali maƙaloli 100 na kan gaba ba za su wuce kaurin santimita ɗaya a ƙololuwarsa ba. Kusan rabin rubuce-rubucen sau ɗaya aka taɓa ambatonsu, ko ma ba a taɓa ba. Da Nature ta sake duba jerin a 2025, maƙalar Lowry na nan a matsayi na ɗaya, ambatonta ya haura 350,000.

Abin da ya fi jan hankali a jerin 2014 shi ne waɗanda ba su samu shiga ba. Kafin maƙala ta shiga sai ta samu ambato sama da 12,000. Maƙalar James Watson da Francis Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, kuma ta zama harsashin ilimin gado na zamani, ba ta kai rabin wannan adadi ba.

Dalilin wannan giɓi

Bayanin da masana suka fi yarda da shi yana da sauƙi. Maƙalar da ta koyar da dabarar aiki ana ambatonta duk lokacin da aka yi aiki da dabarar, domin ƙa'idar rubutun kimiyya ta wajabta wa mai bincike ya faɗi yadda ya yi gwajinsa. Maimakon ya sake bayyana matakan ɗaya bayan ɗaya, sai ya rubuta jimla guda cewa an auna furotin bisa hanyar Lowry. Mai binciken ciwon daji da mai binciken zazzaɓin cizon sauro da mai nazarin abinci duk suna bukatar wannan jimla. Shi kuwa babban abin da aka gano, irin siffar DNA, da zarar ya shiga littattafan makaranta sai ya zama sanin kowa, a daina jingina shi ga mai shi. Masanin zamantakewa Robert Merton ya yi bayanin wannan yanayi, inda karɓuwar aiki ke shafe sunan wanda ya yi shi daga jerin ambato.

Shi kansa Lowry bai ruɗu da lambar ba. A wani ɗan rubutu da ya yi a 1977 ya nuna cewa ya san maƙalar ba wani gagarumin aiki ba ce, ko da yake ya amsa cewa yana jin daɗin karɓuwarta a zuci. Takensa a tarihin rayuwarsa da ya rubuta a 1990 ma raha ce, domin ya sa masa suna yadda ake cin nasara a bincike ba tare da mutum ya zama gwani na musamman ba.

Aikin da ya fi cin ƙarfinsa wani ne daban. Ya shafe shekaru yana ƙirƙiro hanyoyin auna sinadarai a cikin ƙwayar tantanin jiki guda ɗaya, musamman na ƙwaƙwalwa da ƙoda. Ya ƙera sikeli da siririn zaren gilashi wanda ke lanƙwasawa idan an ɗora masa ɗan yankin nama da ido ba ya gani, ya kuma samar da dabarar ninka alamar sinadari sau dubbai har ta kai yadda na'ura za ta iya karanta ta. Ya tattara waɗannan dabaru a wani littafi da ya rubuta tare da Janet Passonneau a 1972. An zaɓe shi mamba a Kwalejin Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka a 1964. Wanda ya tsaya ga lambar ambato kaɗai zai ɗauka cewa aikin 1951 shi ne Lowry, alhali shi ne mafi sauƙi a cikin ayyukansa.

Akwai kuma batun abokan rubutu. Salon ambato yakan kawo sunan marubuci na farko ne kawai, a dunƙule sauran da kalmar “da sauransu”. Don haka sunan Lowry ya bazu ko'ina, na Rosebrough da Farr da Randall kuwa sai wanda ya buɗe maƙalar ya gan su.

Ma'aunai da takaddamar da ke kansu

A 2005 masanin kimiyyar lissafi Jorge Hirsch na Jami'ar California da ke San Diego ya gabatar da ma'aunin da ake kira h, domin kada maƙala ɗaya ta rinjayi dukkan tarihin mutum. Idan ma'aunin mai bincike ya kai 20, yana nufin yana da maƙaloli 20 da kowaccensu ta samu ambato aƙalla 20. A wannan lissafi maƙalar 1951, duk da dubban ɗaruruwan ambatonta, maki ɗaya tak take ba mai ita. Ma'aunin ya toshe wata ɓaraka ya buɗe wata, domin yana fifita wanda ya daɗe a aiki da wanda fanninsa ke da yawan marubuta.

Lambobin kuma sukan makara. Maƙalar da Katalin Karikó da Drew Weissman suka wallafa a mujallar Immunity a 2005, kan yadda za a gyara sinadarin mRNA don kada jiki ya yaƙe shi, ba ta ja hankali sosai ba a shekarunta na farko. Ita ce daga baya ta share fagen allurar rigakafin korona ta Pfizer da BioNTech da kuma ta Moderna, ta kuma kai su ga kyautar Nobel a 2023. Irin wannan damuwa ce ta sa wasu masana da editocin mujallu suka tsara Sanarwar San Francisco a Disambar 2012, suna kira da a daina auna mai bincike da darajar mujallar da ya yi wallafa a cikinta, a karanta abin da ya rubuta.

Batun ya shafi jami'o'in Najeriya kai tsaye, inda yawan wallafe-wallafe ke cikin sharuɗɗan ƙarin girma, kuma jaridu kan ba da labarin malaman da suka shiga jerin kashi biyu cikin ɗari na masanan da aka fi ambata a duniya, wanda John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokansa ke fitarwa daga bayanan rumbun Scopus. Shiga jerin abin yabo ne, sai dai yana da kyau mai karatu ya san cewa adadin kan bambanta daga rumbu zuwa rumbu. Google Scholar, alal misali, yakan ba da lamba mafi girma saboda yana ƙirga kundayen digiri da wasu rubuce-rubucen da Web of Science ba ya ɗauka.

Ita kuwa hanyar Lowry ta samu kishiyoyi. Wasu sinadaran wanki da ake amfani da su wajen narkar da samfur suna ɓata sakamakonta, kuma tana cin lokaci. Hanyar Bradford, mai amfani da wani rini shuɗi, tana ba da amsa cikin 'yan mintoci, sannan a 1985 aka fito da hanyar BCA wadda ta fi jure wa waɗancan sinadarai. Yawancin ɗakunan gwaji masu hali yanzu sukan sayi haɗaɗɗen ruwan gwaji daga kamfanoni, wasu daga ciki ma gyararriyar hanyar Lowry ce, su ambaci sunan kamfanin a madadin maƙalar. Har yanzu dai ana koyar da ita ga ɗaliban kimiyyar sinadaran jiki, kuma kowace shekara sababbin maƙaloli na ci gaba da kawo sunanta a sashen bayanin yadda aka yi gwaji.